Mudi Mai Sawu da Masu Jaje

Duk wanda ya zauna a Unguwar Marke, ɗan ƙauyen nan da ke tsakanin Ba'awa da Ƙofa, cikin shekarun da gyaɗa ta yi daraja bayan dawowar sojojin Bama, zai gaya maka ba a taɓa yin marar kunya a garin kamar Mudi mai bin sawu ba. In ka matsa da tambaya, zai ƙara da cewa shi ne kuma ya kama ɓarawon da ya addabi garin. Amma wannan a ƙarshe ake faɗarsa, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da shaidar da ba ya so.

A garin aka haifi Mudi, amma a hannun kawunsa ya tashi, wani maharbi da ke zaune can gindin duwatsun Doguwa. A wurinsa ya koyi karanta ƙasa. Ya fara da sawun gada da na mugun dawa, ya gama da na mutane, waɗanda kawun ya ce sun fi kowace dabba sauƙin bi domin su kaɗai ne ke tsammanin ba a ganinsu. A dajin ne kuma gatari ya cire masa ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ya dawo gida da yatsu huɗu a ƙafa ɗaya da zuciya mai saurin tafasa, ya karɓi gonar ubansa, ya auri Furera 'yar Malam Uba, wani dattijo mai sanyin hali da yanar ido ta fara rufe wa gani. Da ba a fara sata ba, da nan labarinsa ya ƙare, an binne shi da sunan manomi mai faɗa, irin waɗanda kowane ƙauye ke da su.

To, gyaɗa ta kawo motoci, motoci suka kawo masu saye, buhu ya zama abin da ake iya saɓawa a kafaɗa yau a rabu da shi gobe ba mai tambaya. Aka fara wayar gari a ga rumbu a buɗe. Ɗan doka mafi kusa yana da nisa, kafin saƙo ya kai masa gyaɗar ta zama ƙuli-ƙuli. Sai mai unguwa Hamidu ya tara magidanta a gindin marke. Wani ya ce a binne laya a kusurwoyin gari. Wani ya ce a kawo karnuka, liman ya yi gyaran murya, aka bar maganar. Mudi ya bari kowa ya gama, sannan ya miƙe.

"Ɓarawo ba tsuntsu ba ne," in ji shi. "Da ƙafa yake zuwa. Kowane gida a share kewayen rumbu da bayan darni kafin magariba, a share fes, a watsa toka. A dasa tinya a toshe duk wata kafa, a bar ƙofa ɗaya. In an wayi gari an ga ɓarna, kada kowa ya shiga sai na zo. Ko mai gidan ya tsaya inda yake. Ƙasa za ta faɗi wanda ya taka ta, in kun bar ta ta yi magana."

Aka yi na'am, aka shafa fatiha. Kuma a yi wa mutanen Unguwar Marke adalci: sun yi shara. Mata suka mai da abin gasa, har bayan darnin wasu ya fi tsakar gidansu tsabta. Aka dasa tinya, ta kama, ta yi ƙaya. Shi kuwa Mudi ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Kullum la'asar sakaliya sai ya zaga gida-gida yana duba shara, yana yi wa matan mutane faɗa ta bayan danga.

Sharaɗin ƙarshe ne ya gagara, kuma ba don taurin kai ba. Don ladabi ne. A Unguwar Marke, in aka yi wa maƙwabcinka sata ka tsaya a waje, to ka yanke zumunci. Dole ka shiga, ka je har bakin rumbun, ka leƙa, ka riƙe baki, ka ce Allah ya mayar da alheri. In kai babba ne sai ka zaga rumbun, don a san abin ya taɓa ka. Saboda haka ranar da aka fara gwada dabarar, kafin Mudi ya iso daga rijiya, filin da aka share jiya ya koma kamar kasuwar Ƙofa bayan an tashi.

"Wa ya ce ku shiga?" ya tambaya.

"Haba Mudi, jaje muka zo."

"Kun zo kun taya ɓarawo shara. Da ya san haka kuke da kirki, da ya bar muku tsintsiya."

Aka ba shi haƙuri, aka ce gaba za a kiyaye. Gaba ta zo, aka sake. Ta sake zuwa, aka sake. Kowa ya yarda cewa bai kamata jama'a su shiga ba, kowa kuma ya san shi ba jama'a ba ne, shi ɗan'uwa ne.

Cikin masu jajen babu kamar Maikano. Magidanci ne mai fara'a da ke zuwa cin rani birni, ya dawo da gaisuwa iri-iri da mutanen ƙauye ba su saba ji ba. Ba a suna, ba a jana'iza sai da shi, kuma iyaye na kafa wa 'ya'yansu misali da shi. Duk gidan da aka yi sata, shi ne farkon shiga. Yana salati, yana zaga rumbu, yana nuna wa mutane da ƙafarsa: nan la'anannen ya bi, nan ya tsaya, nan ya juya. Mudi ya san sawunsa kamar yadda ya san gonarsa, ƙafar dama mai karkata ciki, diddige mai faso ya tsage biyu. A kowace sata yana ganin sawun nan, a saman na mutane da kuma ƙarƙashinsu. Amma me zai ce? Gari duka ya ga Maikano yana taka wurin da safe, yana hawaye ma. Sau ɗaya ya furta zarginsa, a ɗaki, ga Furera.

"Malam, ka rufa mana asiri," ta ce. "Mutumin da ya ɗauki makarar kakarka tun daga gida har kushewa bai ba kowa ba?"

Ya haɗiye maganar, ta zauna masa a ƙirji.

Da kaka ta yi, aka fasa rumbun Gwaggo Balaraba, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar ta da gona ɗaya. Aka kwashe mata dammunan dawa. Kamar kullum, gaban rumbun ya sha jaje har ba a gane komai. Amma a bayan darninta akwai wani lungu mai ƙaya da masu jaje ba sa shiga saboda riguna. A nan tokar tana nan lafiya lau, kuma a kanta akwai sawu ɗaya tak, ƙafar hagu mai yatsu huɗu.

Maikano ne ya gani. Ya kira mai unguwa a hankali, ya nuna, ya kau da kai kamar wanda abin ya yi wa ciwo.

"Ni dai ban ce komai ba, ranka ya daɗe."

Ranar ce mutanen Unguwar Marke suka fara karanta sawu, bayan duk wahalar da Mudi ya sha yana koya musu. Suka yi layi, ba wanda ya taka, kowa ya leƙa ya ƙirga yatsu.

"Jiya da yamma na bi ta nan duba shara," in ji Mudi. "Kullum ina bi. Kun sani."

Aka ce ƙwarai, an sani. Mai unguwa ya ce saboda zumunci ba za a kai maganar gaba ba, an bar wa Allah, an yafe.

"An yafe wa wa? Ranka ya daɗe, a kai ni gaban alƙali. A ba ni Alƙur'ani in dafa."

"Ikon Allah. Wa ya ce kai ne, Mudi?"

Ba wanda ya ce. Tun da ba a tuhume shi ba, babu hanyar da za a wanke shi. Gwaggo Balaraba ce kaɗai ta yi magana a fili, tana share hawaye da gefen zane. "Ɗan nan, in yunwa ce ai da ka tambaye ni."

Daga ranar, in ya doso, mata na tattara shanyarsu. A masallaci na kusa da shi kan jawo takalmansa kusa da gwiwa. Yara suka ƙirƙiro wasa, su naɗe yatsa ɗaya su taka ƙasa, sauran su bi su da ihu. Ana gaishe shi fiye da da, da irin gaisuwar da ake yi wa mai ciwon da ba a faɗar sunansa. Mudi ya daina zagaye. Ya daina zama a gindin marke. Ya rame, ba don rashin abinci ba. Mutum na iya rayuwa da talauci a ƙauye, yana iya rayuwa da baƙin jini, amma wanda aka yafe wa satar da bai yi ba, kullum da safe sai ya sake haɗiyar ta.

Da ya cire gyaɗarsa ya sussuka ya ɗura a buhuna, bai kai ta ɗaki ba. Ya jera ta a ɗan kewayen da ke gefen gidansa, inda tinya ta zagaye sai ƙofa ɗaya mai faɗin mutum guda. Ya ɗebo rairayin rafi, ya tankaɗe shi kamar garin tuwo, ya shimfiɗa. Sannan ya fito, ya tsaya inda mutane suka fi yawa, ya ce gobe zai ci kasuwar Tudun Wada, can zai kwana. Ya kuwa tafi ana gani. Bai yi niyyar laɓewa ya kama kowa da hannu ba, domin ya san in ya ce ya ga Maikano, kalmar ɓarawo ce za a auna da ta mutumin kirki. So yake ƙasa ta yi magana a gaban gari, kuma ta yi kafin Maikano ya shiga jaje. In ƙafarsa ta taka rairayin nan sau ɗaya a gaban mutane, shi ke nan, sawun ya samu uzuri.

Kafin ya tafi ya ja wa Furera kunne, ko me ta gani kada ta ɗaga murya sai ya dawo. Washegari da sassafe ya dawo, ya same ta tsaye a bakin tinya, hannu biyu a kan baki, buhu biyu babu. Ya leƙa daga ƙofa. Ga shi nan, shiga da fita, na fitar ya fi nutsewa saboda nauyi: dama mai karkata, diddige a tsage.

"To, yanzu yi ihun," ya ce mata.

Ya ɗauki gorarsa ya tsaya a ƙofar. Maƙwabta suka fara zuwa da gudu, suka ci karo da gora.

"Daga nan ma ina ji. Faɗi jajenka ka matsa."

"Mudi, ni ne fa, ɗan gwaggonka."

"Na gane ka. Matsa."

Liman ya zo, aka tsayar da shi, ya yi addu'arsa daga waje yana kallon sama. Mai unguwa Hamidu ya zo, ya ce a ba shi hanya.

"Ranka ya daɗe, kai ka shafa fatiha a kan dokar nan. Yau ɗaya a gwada ta."

Jama'a suka taru suna guna-guni. Abin da ya ba wasu mamaki shi ne, karo na farko a tarihin garin an yi sata har hantsi ya fara Maikano bai iso ba. Can sai ga shi, yana tafe a hankali, riƙe da hannun Malam Uba.

Sai an san abin da suruki yake a wurin nan kafin a gane girman dabarar. Tun da Mudi ya auri Furera bai taɓa kiran sunan tsohon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya ratse cikin gona. Mutumin da ya zagi rabin gari, a gaban Malam Uba ko tari ba ya yi. Jama'a suka dare, fuskoki suka washe. Kowa na so ya ga yadda gora za ta yi da wannan.

"Ina Furera? Ina 'yata?" tsohon ke tambaya, yana lalube da sanda.

"Tana ciki, Baba," in ji Maikano da tattausar murya. "Taka a hankali, ga ƙofar nan. Ina riƙe da kai."

Mudi ya yar da gora, ya tsuguna a tsakiyar ƙofar, kai a ƙasa. Ya gaida tsohon da kwana, da gajiya, da iyali, da jiki, da sanyi, da gona, har ya fara maimaitawa. Malam Uba ya amsa duka, ya yi masa jaje, sannan ya ci gaba da takowa, domin bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai ƙofar da surukinsa zai tsaya a ciki shi yana zuwa ba. Daga inda yake tsugune Mudi na kallon ƙafar Maikano, dama mai karkata, saura taku ɗaya ta hau rairayi.

Sai ya miƙe, ya rungumi surukinsa ta ƙugu, ya ɗaga shi sama cak kamar damin dawa, ya tsaya da shi a ƙofar, su biyu sun cike ta. Hular tsohon ta faɗi. Sandarsa ta faɗi. Ƙafafunsa suna lilo. 

"Sauke shi, Mudi," in ji mai unguwa.

"Sai an shaida. Yau Maikano ya shiga kewayen nan, ko bai shiga ba?"

"Ka haukace ne? Sauke dattijo."

"Ya shiga ko bai shiga ba, ranka ya daɗe?"

"Bai shiga ba. Kowa ya gani, bai shiga ba. Sauke shi."

"Liman?"

"Bai shiga ba. Ka ji tsoron Allah."

"To a riƙe masa hannu, ku biyu ku leƙo ta nan."

Da ana iya ba Mudi garin duka a lokacin don ya ajiye tsohon, da an ba shi. Aka riƙe Maikano. Mudi ya ajiye Malam Uba a kan turmi, bai dube shi ba. Mai unguwa da liman suka leƙa suka ga sawun. Aka share fili a waje aka ce Maikano ya taka. Ya ce wannan cin mutunci ne, ya ce Allah ya isa, sannan ya taka a karkace don ya ɓata. Aka sa ya sake. Ko yaran da ke wasan yatsu huɗu sun ga diddigen nan a tsage biyu. A bayan gidansa, ƙarƙashin tarin kara, aka sami buhunan Mudi, aka sami dammunan da Gwaggo Balaraba ta gane da ɗaurin hannunta, da wasu kayan da masu su suka riga suka bar wa Allah. Aka tasa ƙeyarsa zuwa gaban alƙali. A hanya, an ce, duk wanda suka gamu da shi sai da ya gaishe shi.

Mudi ya samu abin da ya nema. Daga ranar ba wanda ya sake tattara shanya don ya doso. Amma kafin azahar Furera ta ɗaure kayanta ta bi ubanta. Ya aika biko, ya sake aikawa, ya tura liman da kansa. Malam Uba ya ce shi ba ya riƙe da kowa, sai dai duk lokacin da ya ji muryar yaron nan sai ya ji ƙasa ta rabu da ƙafarsa. Furera ta aiko cewa za ta iya zama da wanda gari ke zargi, ta ma zauna, amma ba ta san da wace fuska za ta zauna da wanda ya sa hular ubanta ta faɗi a gaban mata ba.

Garin ya yanke hukuncinsa a gindin marke, a hankali, cikin adalci. Maikano ɓarawo ne, ba musu, amma akwai ladabi. Mudi ba ɓarawo ba ne, amma wa zai ba shi 'ya? Kafin damina ta kewayo an daina sharar yamma, domin an ce ai an kama ɓarawon. Awaki suka buɗe kafofi a tinya, ba wanda ya toshe. Da aka sake fasa rumbu a gabashin gari, aka shiga jaje yadda aka gada, ba wanda ya aika a kira Mudi, shi ma bai je ba.

Shi kaɗai ya ci gaba da share ƙofar gidansa kullum kafin magariba, yana watsa toka, yana zagin kajin maƙwabta. Da safe ya fito ya karanta: ga nasa mai yatsu huɗu, ga na ƙadangare, ga na akuya. Wata safiya cikin rani ya ga wani sawun daban, ƙarami, na mace, wanda ya sani tun ranar da aka kawo masa ita amarya. Ya zo daga wajen gidan Malam Uba har bakin zaure. A nan diddigen ya nutse sosai, alamar mai shi ta daɗe a tsaye. Sannan ya juya.

Mudi ya tsuguna yana so ya gane ko da sauri ta koma ko a hankali, domin akwai bambanci. Bai gama ba sai ga Gwaggo Balaraba da mata huɗu ko biyar, sun ji jiya an ce jakinsa ba shi da lafiya, sun zo jaje. Suka yi sallama, suka bi ta kan tokar, suka shige zaure.